GUDUMMAWAR PETER LADEFOGED GA NAZARIN MURYA DA LARURORIN FURUCI: DARASI GA ƘASAR GUMMI



Gabatarwa

Hausawa sun ce magana jari ce. In kuwa haka ne, to, wanda aka haifa da tangarɗa a furuci, ko wanda ciwo ya ɗauke wa murya da rana tsaka, ya shiga kasuwar duniya da karyayyen jari. Yaron da ke in'ina yakan san amsar tambayar malami sarai, amma ya yi gum don gudun dariyar 'yan aji. Ladanin da muryarsa ta dushe yakan ja da baya ya bar wa wani kiran salla. Budurwar da ke magana ta hanci takan rasa manemi, alhali ba ta da wani aibi na hali ko na hankali. Saboda haka batun larurorin murya da furuci ya shafi ilmin mutum da abincinsa da aurensa da mutuncinsa baki ɗaya.

Sai dai kafin a nemi maganin larura, tilas ne a tabbatar larurar ce. A nan ne gizo ke saƙar. Da wane mudu za a auna maganar mutum har a yanke hukuncin cewa ta kauce wa hanya? Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wani masani guda, Peter Ladefoged, wanda bincikensa ya sauya amsar da likitoci da masana harshe suke bayarwa ga wannan tambaya. Za a nuna cewa baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa suna cikin hujjojin da ya kafa ra'ayinsa a kansu. Sa'an nan za a dawo da ra'ayin gida, a gwada shi a kan ƙasar Gummi da Anka da Bukkuyum ta yammacin Jihar Zamfara, inda buƙatarsa take a fili.

Abin Da Magabata Suka Sani

Bahaushe ya daɗe da lura da tangarɗar furuci, shaida kuwa ita ce sunayen da ya raɗa mata. Akwai in'ina, watau maimaita gaɓa ko maƙalewar kalma a baki. Akwai tsamin baki, watau kasa fitar da wani harafi daidai, kamar mai mai da "r" ta koma "l" ko "y". Akwai dusashewar murya, da magana ta hanci, da kuma bebantaka, wadda galibi takan biyo bayan kurumta tun ƙuruciya. Wanzamai ma suna da nasu hannu a ciki, domin su ne masu yankan linzami a ƙarƙashin harshen jariri, su ne kuma masu cire beli.

A ɓangaren ilmin Musulunci abin ya fi haka zurfi. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Annabi Musa, alaihis salam, sa'ad da aka aike shi ga Fir'auna, yadda ya roƙi Ubangiji Ya warware masa ƙullin da ke harshensa don a fahimci zancensa. A ƙarni na 8 na Miladiyya, Halilu ɗan Ahmadu da almajirinsa Sibawaihi suka tsara mafitar haruffan Larabci tun daga maƙoshi har zuwa leɓɓa, ilmin da masu tajwidi suke karantarwa har yau a zaurukan Zamfara. Jahizu na Basra, a ƙarni na 9, ya yi dogon bayani kan tsamin baki, har ya kawo labarin Wasilu ɗan Aɗa'u, malamin da bai iya furta harafin "ra" ba, ya riƙa tsara huɗubarsa da kalmomin da ba su da wannan harafi. Ibn Sina kuwa, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya rubuta ɗan littafi kan yadda haruffa suke fita, ya siffanta guringuntsin maƙwallato da tsokokin harshe.

Duk wannan aiki da kunne da basira aka yi shi, domin ido ba ya kaiwa cikin maƙogwaron mai rai. Sai cikin 1854 wani malamin waƙa mutumin Sifaniya, Manuel Garcia, ya sa ɗan madubin masu aikin haƙori a can ƙuryar bakinsa, ya haska da hasken rana, ya ga tantanin maƙwallatonsa yana motsi. Daga nan likitocin Turai suka sami ido. Amma mudun da suka riƙe shi ne muryar da kunnensu ya saba ji a Landan da Faris, duk muryar da ta saɓa mata sai a ɗauke ta a kan illa.

Wane Ne Ladefoged?

An haifi Peter Ladefoged a Ingila cikin 1925. Bayan ya yi aikin soja a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya shiga Jami'ar Edinbara, ya koyi ilmin furuci a wurin David Abercrombie, ya sami digirin dakta cikin 1959. Aikinsa na farko da ya yi suna ya yi shi ne tare da wasu masana aikin jiki biyu, Draper da Whitteridge. Sukan soka siririyar allura mai ɗaukar motsin tsoka a tsakanin haƙarƙarin mai magana, su kuma sa shi ya haɗiyi ɗan balan-balan don auna ƙarfin iskar da ke ƙarƙashin maƙwallato. Da wannan suka nuna yadda wasu tsokoki suke taka wa iska birki a farkon jimla sa'ad da huhu yake cike, wasu kuma su matso ta a ƙarshen jimla sa'ad da ta fara ƙarewa. An buga sakamakon cikin 1959 a wata mujallar Amurka ta masu binciken magana da ji, ya kuma daɗe yana cikin abin da ake koya wa masu gyaran furuci. Daga baya Thomas Hixon ya yi masa gyara game da aikin tsokar ciki, abin da ilmi ya gada ke nan.

Cikin 1959 ya zo Nijeriya ya karantar shekara guda a Kwalejin Jami'a ta Badun. Ya sake dawowa tsakanin 1961 da 1962 a ƙarƙashin shirin binciken harsunan Afirka ta Yamma, ya auna furucin masu magana da harsuna 61, Hausa na cikinsu, aka buga littafin cikin 1964. Dabarunsa masu sauƙi ne amma suna buƙatar haƙuri. Yakan yi amfani da garin gawayi a cikin bakin mai magana, a furta kalma guda, sa'an nan a sa madubi a ɗauki hoton inda harshe ya taɓa ganɗa. Yakan zura siririn bututu don auna iskar da ke cikin baki da maƙoshi lokacin da ake furta harafi. Cikin 1962 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, ya kafa ɗakin binciken furuci wanda ya shugabanta har 1991. Ya rasu a Landan cikin Janairun 2006 yana da shekara 80, a kan hanyarsa ta dawowa daga wani binciken a Indiya.

Tsanin Murya Da Baƙaƙen Hausa

Domin a gane abin da ya gano, sai an ɗan leƙa cikin maƙogwaro. A bayan zakaran wuya akwai wasu tsokoki biyu 'yan ƙanana, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba, su ne masana Hausa suke kira tantanin maƙwallato. In ana numfashi sai su buɗe. In za a yi magana sai su matso juna, iskar huhu ta ratsa su ta karkaɗa su, wajen sau 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, fiye da sau 200 ga mace. Wannan karkarwa ita ce ziza. Duk wanda ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya ja "z" sa'an nan ya ja "s" zai ji bambancin.

A da, yawancin littattafai sun tsaya ga kashi biyu ne kawai, mai ziza da maras ziza. Ladefoged ya ga kashi biyu ba su ishi harsunan da ya auna ba. A littafinsa na 1971 ya jera halayen tantanin maƙwallato kamar matakan tsani. A ƙasa tantanin a buɗe yake, babu ziza. Sama da shi akwai sakakkiyar murya, inda tantanin yake karkarwa amma bai haɗu sosai ba, iska tana yoyo, murya tana fita da huci. A tsakiya akwai murya ta yau da kullum. Sama da ita akwai matsattsiyar murya, inda aka tsuke tantanin, ɓangare kaɗan ne yake karkarwa, sautin yana fita kamar kukan tsohon ƙyaure. A can ƙoli tantanin ya rufe ruf, wannan ita ce hamzar da ake ji a tsakiyar "sa'a" da "jama'a".

Hausa ta shiga wannan tsani ne ta hanyar "ɓ" da "ɗ" da "'y". Tun cikin 1952 Jack Carnochan na Jami'ar Landan ya yi rubutu kan aikin maƙwallato a baƙaƙen Hausa. An saba kiran "ɓ" da "ɗ" haɗiyau, watau baƙaƙen da maƙwallato yake yin ƙasa wajen furta su har iska ta so komawa ciki. Awon Ladefoged ya nuna cewa a bakin Bahaushe matse tantanin shi ne babban abin da ke raba su da "b" da "d", zuƙar iskar kuwa ba ta kai ta wasu harsunan kudancin Nijeriya ba. Da wannan matsi ne "bari" ta bambanta da "ɓari", "fada" da "faɗa", "ya" da "'ya". Su kuma "ƙ" da "ts", waɗanda ake kira tunkuɗau, tantanin yakan rufe ne gaba ɗaya, maƙwallato ya yi sama ya matse iskar da ke baki kamar famfon keke, sa'an nan a sake ta da ƙarfi. Ta haka "kafa" ta rabu da "ƙafa", "sara" ta rabu da "tsara".

To, a nan ne hikimar take. Matsattsiyar muryar da likita a Landan zai ji ya fara zargin ciwo a maƙogwaro, ita ce lafiyayyen Bahaushe yake fitarwa sau ɗaruruwa kowace rana. Sakakkiyar muryar da ake ji ga wanda ɓangare ɗaya na tantaninsa ya shanye, da irinta ne mutanen Gujarat ta Indiya suke raba kalmar da ke nufin "goma sha biyu" da wadda ke nufin "waje". A harshen Mazatek na Meziko kuwa, dukan muryoyin uku suna rarrabe ma'ana. Cikin wata maƙala da aka buga a 1983 a kundin masu binciken tantanin maƙwallato, Ladefoged ya tuna wa likitoci cewa abin da suke lissafawa cikin cututtukan murya a bakin wani mutum, harafi ne sosai a harshen wani.

Abin da ya biyo bayan wannan shi ne, sautin kansa ba ya isa shaida. Abin dubawa shi ne iko. Lafiyayye yakan matse tantaninsa inda harshensa ya ce a matse, ya sake shi inda ya ce a saki. Majinyaci kuwa muryarsa ta maƙale a mataki guda na tsanin, ba ya iya hawa, ba ya iya sauka. Ke nan ba a iya cewa furuci ya kauce sai an san hanyar da jama'ar mai furucin suke bi.

Yadda Tasirinsa Ya Kai Asibiti

Shi dai Ladefoged bai taɓa zama likita ba, amma tasirinsa ya shiga asibiti ta ƙofofi huɗu. Ta farko ita ce littafinsa na koyar da ilmin furuci, A Course in Phonetics, wanda ya fito cikin 1975, aka yi ta sake buga shi, ya zama littafin aji ga ɗaliban harshe da ɗaliban gyaran furuci a ƙasashe da dama. Duk wanda ya karanta shi ya ci karo da misalan Hausa.

Ta biyu ita ce ƙungiyar masana furuci ta duniya, wadda yake shugabanta sa'ad da ta yi babban taronta a birnin Kiel na Jamus cikin 1989. A wannan taro aka yi wa haruffan rubuta sauti na duniya kwaskwarima, a nan ne kuma aka aza harsashin ƙarin alamomi na musamman don rubuta furucin masu larura, kamar iskar da ke tsiyaya ta hanci ga mai tsagaggiyar ganɗa. Da wannan mai gyaran furuci ya sami damar rubuta abin da majinyaci ya furta daidai yadda ya fito, maimakon ya rubuta "bai iya ba" ya wuce.

Ta uku ita ce makarantar da ya fito. John Laver, wanda shi ma ɗan makarantar Edinbara ne, ya kuma karantar a Badun daga 1963 zuwa 1966, ya fitar da littafi cikin 1980 kan siffanta ingancin murya. Shi da wasu masu gyaran furuci suka mai da shi takardar awo wadda ake cikewa a asibitoci: ina harshe yake zama, yaya leɓɓa, yaya hanɗa, yaya tantanin maƙwallato. Takardar tana siffantawa ne kurum, hukunci kuwa sai an gwama da yadda mutanen garin majinyacin suke magana.

Ta huɗu ita ce almajirai. Victoria Fromkin ta tattara suɓutar bakin lafiyayyu don gano yadda ƙwaƙwalwa take shirya zance kafin a furta. Jack Gandour, wanda ya sami horo a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, ya bi marasa lafiya a ƙasar Tailan ya nuna cewa shanyewar jiki da ta taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa takan dagula karin sautin kalmomi. Mona Lindau ta sake auna baƙaƙen Hausa cikin 1984, ta ga su kansu Hausawa sun sha bamban a yadda suke matse tantanin. Har ila yau, na'urar da Adrian Fourcin ya ƙera a Landan don taimakon kurame da masu ciwon murya, wadda ake manna wa mutum a wuya ta nuna haɗuwar tantanin da rabuwarsa, da ita ce Geoffrey Lindsey da Katrina Hayward da Andrew Haruna suka yi nazarin waɗannan baƙaƙe cikin 1992. Hanyar dai ta zama ta zuwa da komowa tsakanin asibiti da sashen harshe.

Darasi Ga Ƙasar Gummi

In an ɗauki wannan ƙa'ida aka shiga da ita ƙasar Gummi, za a ga kuskure iri biyu da tilas a guje musu. Na farko shi ne a ɗauki lafiyayye a kan mai larura. Hausar Gummi da Anka da Bukkuyum tana cikin karin yamma. Yaron wannan ƙasa "hwara" yake cewa inda Bakano zai ce "fara", "tahi" maimakon "tafi", "biyat" maimakon "biyar", "tcada" maimakon "tsada", "ɗiya" maimakon "'ya". In aka zo masa da jerin kalmomin gwaji da aka tsara a Kano, balle wanda aka fassaro daga Ingilishi, sai a rubuta masa kuskure biyar alhali bai yi ko ɗaya ba, yadda uwarsa da kakarsa suke faɗa haka ya faɗa. Bugu da ƙari, ƙasar tana cuɗanya da Fulani da kuma Dakarkari na ƙasar Zuru, yara da yawa da harshe biyu suke tashi. Wanda ya koyi Hausa daga baya yakan haɗa "ƙ" da "k", wannan kuwa sawun harshen farko ne, ba aikin asibiti ba ne. Akwai kuma abin da rubutu yake ɓoyewa. Hausa tana da "r" iri biyu, ra-gare da ra-kaɗe, su ne suka raba "bara" ta almajiri da "bara" na sarki, amma boko da harafi ɗaya yake rubuta su. Mai gwajin da ya dogara ga takarda ba zai ma san akwai abin saurare a nan ba.

Kuskure na biyu ya fi muni, shi ne a ga mai larura a ce halinsa ne, ko daƙiƙanci, ko iska. Cikin 2010 ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, watau MSF, ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma da Tungar Guru. Dalili shi ne gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta yara wajen 400 sun rasu, an kuma yi wa dubbai magani. Maganin yana rage dalmar da ke cikin jini, amma ba ya mai da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Sanannen abu ne ga likitoci cewa dalma takan rage ji, ta jinkirta buɗewar baki, ta raunana fahimta. Waɗanda suke goye a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata.

Ban da dalma akwai sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a Zamfara cikin 1996 da 2017, wanda kuma yakan bar wasu da ya ƙyale da kurumta. Akwai cutar zaizayar baki wadda likitoci suke kira noma, mai cin kumatu da leɓɓan yaran da yunwa ta raunana, har muƙamuƙi ya kafe. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato cikin 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a ƙarshen 2023. Yaron da aka ɗinke wa fuska yana buƙatar wanda zai koya masa magana da sabon bakinsa. Akwai cire beli: Hausa ba ta da harafin da ake furtawa da beli, shi ya sa galibi ba a jin illar a magana, amma in askar wanzami ta zarce ta taɓa hanɗa, ƙofar hanci takan kasa rufuwa, mutum ya koma magana ta hanci, ban da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Akwai kuma masu ci da murya. Ƙasar da ta haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda tafsirinsa ya shiga gidaje ta rediyon Kaduna, jihar da ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ta san darajar murya. Malamin aji da ladan da mai wa'azi da maroƙi suna tilasta wa tantaninsu cikin ƙurar hunturu, har ya yi kanta kamar tafin hannun manomi, murya ta dushe.

Daɗin daɗawa, ƙa'idar Ladefoged tana da ɗaya fuskar. Tun da Hausa ta ɗora wa maƙwallato aikin rarrabe ma'ana, asarar Bahaushen da maƙwallatonsa ya sami rauni ta fi ta Bature. Wanda jijiyar tantaninsa ta taɓu, kamar yadda yakan faru wani lokaci a aikin fiɗar maƙoƙo, tantanin ba ya rufuwa ruf, alhali kuwa "ƙ" da "ts" da hamza ba sa samuwa sai da rufewa. Wanda muryarsa ta miƙe ba hawa ba sauka, kamar mai ciwon karkarwar jiki na tsufa, ko wanda aka cire wa maƙwallato saboda daji yana magana da na'ura, in Bature ne zancensa ya rasa armashi ne kawai. In Bahaushe ne kuwa, karin sautin da ke raba "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, da "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, shi ne ya tafi. Takardar awon da aka tsara don Ingilishi ba ta da gurbin wannan asara.

Aikin Da Ya Rage

Masu gyaran furuci a Nijeriya 'yan ƙalilan ne, yawancinsu kuma suna manyan birane. Mutumin Gummi da yake buƙatar a duba masa maƙogwaro ko kunne sai ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Gusau, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka hana sakat. Samar da likitoci da tsaron hanya aikin hukuma ne. Amma samar da mudun awo aikin sashen Hausa ne, babu mai yi masa.

Harsashin yana nan. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace cikin 1990, da littattafan Mu'azu Sani Zariya kan tsarin sauti, sun ba da sunayen gaɓoɓin furuci da na sautuka cikin Hausa. Abin da ya rage, na farko, a ɗauki maganar lafiyayyun yara daga shekara 2 zuwa 7 a Gummi da Anka da Bukkuyum, a gano shekarun da kowane harafi yake zama a bakinsu, musamman "ƙ" da "ts" da ra-gare. Abin da Ladefoged ya sha ɗawainiyar kaya a kansa, yau wayar hannu tana yin rabinsa, ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa kuma su ne suka fi dacewa da aikin. Na biyu, a tsara jerin hotuna na abubuwan da yaron ƙauye ya sani, kamar ɓera da ɗaki da ƙofa da tsuntsu, a rubuta kowane da furucin gabas da na yamma, duka a karɓe su. Na uku, sassan Hausa da na likitanci a Sakkwato da Gusau su haɗu a kan kwas guda, ɗalibin likita ya koyi tsarin sautin Hausa, ɗalibin Hausa ya ga maƙwallato da idonsa.

Na huɗu, a kai wa malaman firamare da na allo da limamai da wanzamai 'yan bayanai gajeru. Muryar da ta dushe fiye da mako huɗu tana buƙatar likita ya leƙa ta, domin dajin maƙwallato da haka yake farawa. Yaron da ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, a fara da gwada jinsa. In'ina takan sami kimanin yaro 5 cikin 100, yawancinsu su rabu da ita da kansu, ta zauna ga kimanin mutum 1 cikin 100, ta kuma fi kama maza. Bulala da tsawa da dariya ƙara ta suke yi, abin da yaron yake so shi ne a saurare shi har ya kai aya.

Kammalawa

Ana auna tasirin masani da irin tambayoyin da ya sa na bayansa suka koma yi. Kafin Ladefoged da abokan aikinsa, mai duba murya yakan tsaya ga ko ta yi kama da wadda ya saba ji. Bayansu sai ya fara da tambayar wane harshe majinyaci yake yi, wane kari, wane aiki kuma harshen ya ɗora wa maƙwallatonsa. Hausawan da suka zauna gaban na'urorinsa cikin 1961 da 1962 suna da rabo a wannan sauyi, "ɓ" da "ɗ" da suka furta sun shiga littattafan da ake horar da masu gyaran furuci a ƙasashen duniya. Amfanin ne bai dawo gida ba tukuna. Ranar da malamin firamare a Bukkuyum zai iya bambanta yaron da yake Zamfarci da yaron da dalma ta taɓa, ya bar na farko da karinsa, ya tura na biyu inda za a taimake shi, ran nan ne wannan ilmi ya biya bashin da ke kansa.